Babi na Huɗu: Wata, daga Tsayuwarsa zuwa Mutuwarsa

A Gafasa da sauran garuruwan ƙasar Ajingi da Gaya, har yanzu akwai dattawan da in ka tambaye su da daddare yau nawa ga wata, ba za su laluba aljihu neman waya ba. Sai mutum ya ɗaga kai, ya dubi inda watan yake da yadda ya cika, ya ce maka takwas ne ko tara, kuma da wuya ya kauce da fiye da kwana guda. In ka tambayi yadda dare ya yi nisa, nan ma watan zai duba. Ilimi ne da yawan kallo ya tara, ƙasar kuma ta taimaka: galibinta shimfiɗaɗɗiya ce, babu dogayen gine-ginen da za su tare gabas ko yamma, hasken lantarki kuma bai dusashe samaniya yadda ya yi a birnin Kano ba. Da zarar an girbe gero da dawa, wanda ya tsaya a bayan gari yana iya bin rana da ido har ta nutse.

Abin da waɗannan dattawa suka sani da ido, shi masu ilimin falaki suka auna da na'ura da alƙalami, kuma ba su saɓa wa juna ba. Abin da ke damuna shi ne 'ya'yanmu sun saki na farkon, ba su kuma kama na biyun ba, alhali azuminmu da sallarmu da hajjinmu duk a kan wannan tafiya ta wata suka rataya.

Hasken aro

Wata ba shi da haske na kansa. Dunƙulen dutse ne da ƙura, faɗinsa kilomita 3,474, ya ɗan ɗara rubu'in faɗin duniya, tsakaninmu da shi kuma akwai kimanin kilomita 384,400. Farin da muke gani hasken rana ne ya sauka a kansa ya dawo mana. A kowane lokaci rabin jikinsa yana cikin rana, rabi yana cikin duhu, wannan rabon kuwa ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Abin da ke sauyawa shi ne inda watan ya kai a kewayen da yake yi wa duniya. Shi ke sa yau mu hango kaɗan daga ɓangaren da rana ta haska, gobe mu hango fiye da haka.

Mutane da dama, har da waɗanda suka yi boko, sun ɗauka inuwar duniya ce take rufe wani sashe na wata ya koma siriri. Ba haka ba ne. Inuwar duniya ba ta taɓa wata sai daren husufi. Duhun da ke jikin jinjirin wata nasa daren ne, wato ɓangaren da ya ba rana baya.

Wanda ke son ya gani da idonsa, ya shiga ɗaki mai duhu, ya ɗora tocila a kan taga tana haskowa ciki, ya riƙe lemo ya miƙe hannu. Tocilar ita ce rana, kansa shi ne duniya, lemon shi ne wata. In ya fuskanci tocilar, gefen lemon da ke kallonsa duhu ne ɗungurungum: ƙarshen wata ke nan. Ya ɗan juya hagu, sai siririn haske ya bayyana a gefe guda. Ya ƙara juyawa har tocilar ta koma gefensa, sai ya ga rabi. In ya ba ta baya, ya ɗaga lemon sama da kansa kaɗan, zai gan shi cike da haske: daren sha huɗu. Ya ci gaba da juyawa, hasken ya riƙa janyewa ta ɗaya gefen har ya ƙare. Duk malamin firamare ko na Islamiyya zai iya nuna wa ɗalibansa wannan cikin minti biyar.

Wata yana gama kewaya duniya cikin kwana 27 da awa 7 da minti 43. To me ya hana watanmu zama kwana 27? Ita ma duniyar ba a tsaye take ba. Kafin wata ya gama zagayensa, ta yi gaba a kan tata hanyar ta kewaya rana, sai ya ƙara tafiyar kwana biyu da 'yan awoyi kafin ya sake shiga tsakaninta da rana. Wannan lokacin da ya daidaita tsakanin duniya da rana shi masu falaki ke kira haihuwar wata, kuma daga haihuwa zuwa haihuwa kwana 29 ne da awa 12 da minti 44 a matsakaicin lissafi. Tunda ba a ƙirga rabin kwana, sai wani watan ya tsaya a 29, a ce ya yi nusan, wani ya cika 30. Babu watan Musulunci mai kwana 28, babu mai 31. Ba kuma dole ne su riƙa yin karɓa-karɓa ba. Hanyar wata ba cikakkiyar da'ira ba ce: yakan matso har kusan kilomita 363,000 ya ƙara sauri, yakan yi nisa har kusan 405,000 ya rage, shi ya sa akan jera watanni biyu ko uku masu kwana 30, ko masu 29.

Akwai kuma abin da mai lura zai gane da kansa: baƙaƙen tabon da ke fuskar wata ba sa sauya wuri, yadda kakanninmu suka gan su haka muke ganinsu. Wata yana juyawa a kan kansa sau ɗaya cikin daidai kwanakin da yake kewaya duniya, don haka fuska ɗaya yake nuna mana kullum. Ɗan'adam bai ga bayansa ba sai a 1959, da kumbon Tarayyar Sobiyat mai suna Luna 3 ya ɗauko hotonsa. Tabon kuwa filaye ne na narkakken dutse da ya malala ya daskare tun zamanin da.

Dare bayan dare

Kowane dare wata yana matsawa gabas da kimanin digiri 12 daga rana, wato ya ɗan fi faɗin dunƙulallen hannu in an miƙe shi sama. Saboda haka kullum yana makarar fitowa da faɗuwa da kusan minti 50. Wannan minti 50 shi ne sirrin agogon dattawan Gafasa.

Daren da ya tsaya, a yamma ake ganinsa, ƙasa-ƙasa, kusa da inda rana ta faɗi, bayan faɗuwarta da kamar minti ashirin. Ba ya jimawa. Galibi kafin a kira isha ya faɗi. A ƙasarmu, da take wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, jinjirin wata a kwance yake zuwa, ƙahonninsa suna kallon sama, in ya karkata ma kaɗan ne. Cikinsa mai haske kullum wajen rana yake fuskanta. A dare na biyu da na uku, in sama ta yi garau, za ka hangi sauran jikinsa da wani dishi-dishin haske mai launin toka. Wannan hasken ranar ne da ya sauka a kan duniyarmu, gajimarenta da tekunanta suka mayar da shi kan wata, shi kuma ya sake dawo mana da shi. Sau da yawa a waɗannan darare akan ga Zara tana ƙyalli kusa da shi, ita ce Hausawa ke wa kirari da matar wata. Ita ba tauraruwa ba ce irin sauran, duniya ce mai kewaya rana, shi ya sa wasu watannin take yamma da magariba, wasu watannin ta koma gabas da asuba.

Zuwa daren bakwai ya zama rabi. Da magariba yana tsakiyar sama, in ya faɗi kuwa dare ya raba. Daga nan yake ta cika har daren sha huɗu, inda yake ɓullowa daga gabas daidai lokacin da rana ke faɗuwa a yamma, ya kwana yana haskawa, ba ya faɗuwa sai gari ya waye. Kwanaki 13 da 14 da 15 su ne kwanakin fari da masu neman lada ke azumta.

Wani abu da lissafi ya tabbatar, wanda duk ɗan ƙauye ya riga ya sani a jikinsa: hasken rabin wata ba rabin hasken cikakke ba ne, bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Fuskar wata cike take da ramuka da tuddai. In rana ta haska su a kaikaice, inuwoyinsu sukan cinye hasken. Sai ta dube su gaba da gaba inuwoyin ke ɓuya. Don haka farin wata na gaske 'yan kwanaki ne a tsakiya, kuma a kansu aka gina rayuwar dare ta karkara. A nan dandali ke cika, 'yan mata su yi gaɗa, samari su yi langa da kokawa, tsofaffi su shimfiɗa tabarma a tsakar gida ana tatsuniya. Da kaka, in aiki ya yi yawa, a farin wata mata kan ƙarasa sussuka. Fatake a da sukan daidaita tafiyar dare da shi don su guje wa zafin rana. Masu dabbobi kuwa sun san a duhun wata ake ƙara sa ido a kan turke.

Ko tashe ma haka ne. Goma ga azumi yara ke fara shi, lokacin da wata ya kusa cika kuma yana sama tun daga shan ruwa. Al'adar ta girma ne a garuruwan da babu fitilar titi, ta zaɓi dararen da za a ga hanya a kuma ga masu wasan.

Bayan sha biyar sai ya fara makara. Magariba ta wuce babu shi, isha ta wuce babu shi, sannan ya fito da ɗan gibi a gefensa na sama. Wajen daren ashirin da biyu ya sake komawa rabi, ba ya fitowa sai tsakar dare, kuma da hantsi za ka gan shi fari fat a sama ta yamma. Masu tahajjud a goman ƙarshe ta azumi sun san wannan watan sarai: a duhu suke tafiya masallaci, in sun fito su tarar da shi ya hau. Daga nan kullum sai ƙara sirancewa yake, yana matsawa kusa da mafitar rana, har ranar 27 ko 28 a gan shi siriri a gabas gab da fitowarta. Sai ya ɓace, a ce wata ya mutu. Yana nan a sama, yana fitowa yana faɗuwa tare da rana, amma ya ba mu bayansa mai duhu, hasken rana kuma ya rufe shi.

Shekarar da ke yawo

Wata goma sha biyu kwana 354 ne da ɗan ɗori, shekarar rana kuma 365 da rubu'i. Tazarar kwana 11 ce a kowace shekara. Tun da Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda, ya tsayar da ƙirgar shekaru daga Hijira, wadda ta auku a 622, a kan wata zalla ake tafiya, ba a cusa wani watan ƙari don a daidaita da damina ko rani. Shi ya sa watannin da Bahaushe ya raɗa wa suna da abin da ake yi a cikinsu, watan cika-ciki, watan Takutaha, watan azumin tsofaffi, watan azumi, ƙaramar salla da babbar salla, ba su da mazauni a cikin yanayin shekara. Suna ja da baya kwana 11 duk shekara, su zagayo inda suka taso bayan kimanin shekara 33. Mai shekara 33 a lissafin rana ya cika 34 a lissafin wata.

Manomin Gafasa da ya manyanta ya ɗanɗana wannan zagaye da jikinsa. A 2000 azumi ya kama a ƙarshen Nuwamba, cikin sanyin hunturu, yini gajere, rumbu cike. Daga 2010 zuwa 2013 ya faɗo a Agusta da Yuli, tsakiyar damina: ga noma da baki a rufe, ga tsohon hatsi ya kusa ƙarewa, sabo bai nuna ba. Daga 2020 zuwa 2023 ya ratsa Afrilu, lokacin da zafi a ƙasar Kano ke haura digiri 40. A 2025 ya kama ranar 1 ga Maris, yana gangarowa wajen sanyi. A 2030 za a shiga azumi sau biyu cikin shekara guda ta Miladiyya, a Janairu da kuma ƙarshen Disamba, yadda aka yi a 1997. Ni ina ganin rahama a cikin wannan tsari: babu ƙasar da aka ɗora wa azumin zafi har abada, babu wadda aka keɓe da na sanyi.

Amma watan da ke yawo haka ba zai gaya wa manomi ranar shuka ba. Don haka malaman hisabi na ƙasar Hausa suka riƙe wani lissafin daban, na taurari 28, kowanne da kwana 13, ɗaya da 14, jimilla 365. Bakwai na bazara, bakwai na damina, bakwai na kaka, bakwai na hunturu. In ka ji dattijo yana cewa an shiga Zira'a, ko Nasara, ko Ɗarfa, ko Jabha, wannan lissafin yake nufi, da shi yake auna ƙarfin ruwa da lokacin da shuka ta makara. Waɗannan taurari su ne manzilolin wata da malamai ke karantarwa, masaukan da yake bi ɗaya bayan ɗaya, kusan masauki guda kowane dare. Hanyar da wata ke ratsawa cikin wata guda, ita rana ke ratsawa cikin shekara. Sai mutanenmu suka ɗauki tafiyar wata don ibada, tafiyar rana don gona. Shari'a ma ta bambanta su: zakkar hatsi da girbi take tafiya, ta kuɗi kuwa sai shekarar wata ta zagayo.

Ranar da aka kama wata

In wata yana shiga tsakanin duniya da rana duk ƙarshen wata, me ya sa ba ya tare ta kowane wata? Hanyarsa ta karkace da kimanin digiri 5 daga hanyar da duniya ke bi, don haka galibi ta sama ko ta ƙasan rana yake wucewa. Sai in ukun sun yi layi ɗaya cif ake samun husufi. Wannan ne ya sa husufin rana ba ya aukuwa sai a ƙarshen wata, na wata kuma sai a tsakiyarsa, lokacin da ya shiga inuwar duniya.

Waɗanda suka yi wayo ba su manta safiyar 29 ga Maris 2006 ba. Inuwar wata ta shigo ta Gana da Togo da Binin, ta ratsa arewa maso yammacin Nijeriya, Gusau da Katsina suka yi duhu da hantsi na 'yan mintoci, sannan ta wuce Nijar da Libiya har Turkiyya. A birnin Kano da Gafasa rana ba ta rufe duka ba, amma mafi yawanta ya tafi. A ƙarshen watan Safar abin ya auku. Daren 27 ga Yuli 2018 kuma, tsakiyar Zulƙida, wata ya shige inuwar duniya gaba ɗayansa na awa 1 da minti 43, husufin wata mafi tsawo a wannan ƙarni. Jan da ya yi a daren hasken rana ne da ya ratso iskar da ke lulluɓe da duniya ya lanƙwaso kansa.

A garuruwanmu, in wata ya yi zazzaɓi, yara kan fito suna kaɗa gwangwani suna cewa rana ta kama wata, manya kuma su nufi salla da addu'a. Tun ranar da aka yi husufin rana a Madina daidai da rasuwar Ibrahim, ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka koya wa Musulmi cewa husufi ba mutuwar wani ko haihuwarsa ke kawo shi ba. Abin lura a nan shi ne, duka husufan nan biyu, na 2006 da na 2018, an sanar da ranarsu da mintinsu da garuruwan da za su ratsa shekaru kafin su zo, kuma haka suka zo. Lissafin da ya iya wannan, ya san inda wata yake a yammacin 29 ga Sha'aban.

Duban wata

Hukuncin a fili yake: da ganin wata ake ɗaukar azumi, da ganinsa ake ajiyewa, in an kasa gani a cika talatin. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ana tabbatar da shi da shaidar adilai biyu, ko jama'a mai yawa da ba za su haɗu a kan ƙarya ba. Hanyar kai labari ma sananniya ce. Wanda ya gani a Gafasa zai sanar da mai unguwa ko dagaci, a tantance shi, a kai wa hakimi, daga nan zuwa fadar sarki, har ya isa ga kwamitin duban wata da Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar, wanda ke kan karaga tun 2006, kuma shi ke shugabantar Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci a Nijeriya. Daga bakinsa sanarwa ke fita.

Inda gizo ke saƙar shi ne ganin kansa. Jinjirin daren farko abu ne mai wuyar kamawa. In bai nisanci rana da kimanin digiri 7 ba, ido ba ya ganinsa ko sama ta yi tas. Mafi ƙanƙantar watan da aka tabbatar an gani da ido zalla, ba tare da na'ura ba, yana da kusan awa 15 da rabi daga haihuwarsa, a hannun ƙwararre kuma cikin iska mai tsabta. Mu kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo ne ke zaune daidai inda ake nemansa, a Yuli da Agusta kuma hadari. Mai neman wata da ɗoki, ido yakan nuna masa abin da zuciya ke so: guntun gajimare da rana ta haska, farin layin da jirgin sama ya bari, ko Zara. Littattafan tarihi sun kawo labarin Iyasu ɗan Mu'awiya, alƙalin Basra, da sahabi Anas ɗan Malik, Allah ya ƙara masa yarda, lokacin da ya tsufa ƙwarai. An fita duban wata, Anas ya ce ga shi can, sauran jama'a ba su gani ba. Iyasu ya lura da wani farin gashin gira da ya lanƙwaso gaban idonsa, ya shafe shi, ya ce ya sake dubawa. Sai ya ce yanzu ba ya ganin komai. Ba a tuhumi gaskiyar sahabin ba, ba a kuma ɗauki shaidar ba. Mutum yana iya zama adali, idonsa ya yaudare shi.

A tuna yammacin Juma'a, 22 ga Mayu 2020, wadda ta yi daidai da 29 ga Ramadan 1441. An haifi wata da ƙarfe 6:39 na yamma agogon Nijeriya, 'yan mintoci kafin rana ta faɗi a ƙasar Kano. Watan da ke manne da rana haka babu idon da zai gan shi. Sarkin Musulmi ya sanar cewa ba a gani ba, aka cika talatin, aka yi salla ranar Lahadi 24 ga Mayu. A wasu ƙasashe na yankinmu kuwa ranar Asabar aka yi, saƙonni suka yi ta yawo a waya ana cewa an ga wata nan, an gan shi can. A wannan karon gani da lissafi bakinsu ɗaya, kuma hukuncin da aka yanke a Sakkwato shi ne daidai.

Sai kuma maganar da ake ji duk shekara a ƙofar masallaci, in wata ya fito da ɗan girma: "Allah gafarta malam, ai wannan ya kwana biyu, an ci mana azumi ɗaya." A lissafa a gani. In an haifi wata da ƙarfe biyu na dare, da magaribar da ke biye yana da awa 16 ko 17, da wuya a gan shi, balle cikin hazo. Kashegari da magariba ya haura awa 40, ya yi kauri, ya yi sama, ya jima bai faɗi ba, amma daren farkonsa ke nan a hukunce. Girman jinjiri ba hujja ba ne. Tun zamanin sahabbai aka kai wa Abdullahi ɗan Abbas irin wannan gardama, ya mayar da masu ita ga daren da suka gan shi.

Ba kuma abin mamaki ba ne ƙasashe su saɓa da kwana guda. Rana tana faɗuwa a Makka kimanin awa biyu kafin ta faɗi a Gafasa, a Sakkwato kuma bayan Gafasa da wajen minti 15, a Dakar bayan haka da nisa. Duk yadda aka yi yamma, watan yana ƙara awoyi kafin magariba ta riske shi, ganinsa yana ƙara sauƙi. Ana iya rasa shi a gabas a same shi a yamma cikin yini ɗaya.

Matsayina a nan shi ne lissafi ba ya maye gurbin gani, ba kuma abokin gabarsa ba ne. Ba zai iya yi maka alkawarin za ka ga wata ba, domin bai san hazon da zai taso ba. Amma in ya ce wata ya riga rana faɗuwa, to babu abin da za a gani, kuma alƙali yana da haƙƙin ya yi amfani da wannan wajen auna shaida, yadda Iyasu ya yi amfani da lurarsa. Dattawanmu ma suna da nasu ma'aunin: watan da aka gani da asuba a gabas, ba a ganinsa da magaribar wannan yinin a yamma. Wanda ya zo da shaida, a tambaye shi cikin mutunci: ƙarfe nawa ka gan shi, ta dama ko ta hagun inda rana ta faɗi, ya tsayinsa daga ƙasa, ina ƙahonninsa suka fuskanta, su wa ke tare da kai? Wanda ya gani da gaske ba ya jin nauyin waɗannan tambayoyi.

Babbar matsalarmu ita ce mun mayar da duban wata aikin yini biyu ko uku a shekara. Fadar Sarkin Musulmi tana kiran a duba kowane wata, amma mutum nawa ke fita neman na Safar ko na Jimada? Idon da bai saba ba shi ke ruɗewa, kuma in ba a tsayar da farkon Sha'aban daidai ba, ranar 29 ɗinsa ma a kan kuskure za ta zo. Garuruwa irin Gafasa, masu buɗaɗɗiyar yamma da sama mai duhu, sun fi birni dacewa da wannan aiki nesa ba kusa ba. Ina kira ga limamai da malaman allo da na Islamiyya na ƙasar Ajingi da Gaya: kowane masallacin Juma'a ya ware mutum uku ko huɗu masu lafiyar ido da riƙon amana, a haɗa su da dattijon da ya san sama, su tsayar da wuri ɗaya a bayan gari, su riƙa fita duk 29 ga wata tare da almajirai da 'yan makaranta. Su ajiye littafi, su rubuta ranar da lokacin da yanayin sama, ko sun gani ko ba su gani ba. In kuma Allah ya sa ka ga wata, ɗan'uwa, kafin ka rubuta a Facebook ko ka tura a WhatsApp, fara zuwa ƙofar mai unguwa.